Zane Marar Sura: Daga Allon Zayyana Zuwa Makarantar Zariya

A shekarar 1906, wadda a watan Afrilunta sojojin Birtaniya suka auka wa birnin Haɗejiya har Sarki Muhammadu ya rasa ransa a fagen daga, abin da ya sa ake masa laƙabi da Mai Shahada, wata mata 'yar ƙasar Suwidin mai suna Hilma af Klint ta fara wani jerin zane-zane wanda yawancinsa babu mutum, babu dabba, babu gida ko itace a ciki, sai da'irori da layuka masu nannaɗewa da haruffa da launuka. Masana tarihin fasaha a yau suna lissafa wannan aiki cikin na farko-farko a abin da za a iya kira zane marar sura, wato zanen da bai ɗauki kwaikwayon kamannin wani abu da ido ya saba gani a matsayin aikinsa ba, ya dogara kacokan ga layi da launi da tsari domin su isar da abin da mai zane yake nufi. A Turai an karɓi wannan salo a matsayin juyin juya hali, an yi ta jayayya a kansa shekaru da dama, har wasu gwamnatoci suka haramta shi. A ƙasar Hausa kuwa, tun daga Zazzau har zuwa ƙauyukan fadamar Haɗejiya irin su Baturiya, zanen da ba ya kwaikwayon halitta shi ne zanen da aka gada, shi ne a jikin allo da gaban riga da bangon zaure. Wannan saɓani ne ya sa tarihin salon ya cancanci a duba shi daga wannan ɓangare na duniya, domin a nan ne kuma, a Zariya, aka kafa makarantar da ta fi kowace tasiri a zanen zamani na Nijeriya.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa barin sura ya zama babban al'amari a Turai, sai an tuna cewa tun ƙarni na 15 ma'aunin gwanintar mai zane a can shi ne iya fito da kamannin abu yadda yake, da zurfinsa da inuwarsa, har mai kallo ya ji kamar ta taga yake leƙawa. Da aka bayyana na'urar ɗaukar hoto a birnin Paris a 1839, sai wannan gwaninta ta fara rage daraja, tun da na'ura tana yi a ɗan lokaci abin da mai zane yake kwashe makonni yana fama da shi. Daga nan masu zane suka shiga neman abin da fenti zai iya yi wanda na'ura ba za ta iya ba. Af Klint, wadda ta kammala zane 193 a jerin nan nata tsakanin 1906 da 1915, ta ɗauki aikin a matsayin al'amarin ruhi, ta kuma bar wasiyyar kada a nuna shi sai bayan shekara 20 da mutuwarta, saboda haka duniya ba ta san da ita sosai ba sai daga 1986. Wanda ya samu sunan jagoran salon a lokacin shi ne Wassily Kandinsky, ɗan Rasha da ya bar aikin shari'a yana ɗan shekara 30 ya koma birnin Munik na Jamus, inda ya fitar da littafi a ƙarshen 1911 yana mai cewa launi yana taɓa zuciya kai tsaye kamar yadda sautin kiɗa yake yi ba tare da ya siffanta komai ba. A watan Disamba na 1915 Kazimir Malevich ya nuna baƙin murabba'i a kan farin fili a birnin Petrograd, ya rataye shi a saman kusurwar ɗaki, wurin da Kiristocin Rasha suke ajiye hotunan ibada. Piet Mondrian na ƙasar Holan kuwa ya yi ta rage kayan aikinsa har ya tsaya a kan layukan tsaye da na kwance, da ja da rawaya da shuɗi, tare da baƙi da fari da ruwan toka. Gwamnatin Stalin ta murƙushe salon a Rasha, ta Hitler kuma ta baje kolin irin waɗannan ayyuka a Munik a 1937 domin a yi musu ba'a, lamarin da ya kori masu zane da yawa zuwa Amurka, inda daga 1947 Jackson Pollock ya fara shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiɗɗiga masa fenti maimakon shafawa da burushi.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da tsofaffin littattafan Turai suka riƙa wucewa da sauri, wato bashin da waɗannan masu zane suka ci daga Afirka da ƙasashen Musulmi. Pablo Picasso ya shiga gidan adana kayan al'adu na Trocadéro a Paris a 1907 ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka, kuma alamar abin da ya gani ta fito fili a aikinsa na wannan shekara, wanda ya share fagen salon farfasa sura zuwa kusurwoyi. A 1910 an shirya gagarumin baje kolin fasahar Musulunci a Munik mai ɗauke da kaya kusan 3,600, daga darduma zuwa rubutattun littattafai, Henri Matisse ya yi tattaki daga Faransa domin ya gani, Kandinsky kuma ya yi rubutu a kansa. Paul Klee ya ziyarci Tunisiya a watan Afrilu na 1914, har da birnin Ƙairawan, ya dawo yana jera ƙananan murabba'ai masu launi a zanensa. Ƙairawan ɗin nan ita ce garin Ibn Abi Zaid, mawallafin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, wanda a cikinsa aka karhanta yin surori a jikin bango da gado da zobe, aka kuma sassauta game da adon da ke jikin tufa. Wato hukuncin da ya taimaka wajen karkatar da hannun masu fasahar Musulmi daga sura zuwa tsari, shi ne a kaikaice ya samar da wani ɓangare na abin da Turawan suka je suka gani ya burge su.

A ƙasar Hausa wannan karkata ta samu gindin zama tun da daɗewa, kuma inda ta fi bayyana shi ne tsangaya. Yankin Haɗejiya yana cikin ƙasar da almajirai suke kira Gabas, inda tsarin haddar Alƙur'ani da ya yi ƙarfi a Barno ya kafu, mai matakai daga ƙolo zuwa titibiri zuwa gardi, har a kai ga alaramma da gwani. Idan ɗalibi ya sauke, akan yi masa allon zayyana, wato allon da aka rubuta wa Fatiha da farkon Baƙara aka kewaye rubutun da ado na layuka masu sarƙewa da alwatika da da'ira da ƙananan gidaje, cikin baƙi da ja da rawaya da kore. Haka nan mai rubuta Alƙur'ani da hannu yakan sa wata alama ta ado a gefen shafi domin nuna izu da nusufi da rubu'i da sumuni da wurin sujada, kuma a manyan rabe-raben littafin yakan cike wani fili guda da zayyana zalla. Wanda ya taɓa buɗe bugun Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta ya san yadda kaurin harafi da tazarar layi da wurin da aka ajiye jan wasali suke haɗuwa su ba ido natsuwa tun kafin a fara karatu. Duk abin da Kandinsky ya yi ta ƙoƙarin kafa wa hujja, cewa ɗigo da layi suna da nauyi da motsi na kansu, marubucin tsangaya yana aiki da shi kullum da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro. Hatimi ma, wato murabba'in da aka rarraba gida-gida aka zuba wa haruffa da lambobi, ko da an ajiye maganar amfanin da ake yi da shi a gefe, tsari ne na fili da ma'auni wanda mai nazarin zane ba zai raina ba.

Babbar riga ita ce fage na biyu. Aikin aska takwas, mai dogayen tsinaye da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu, da aska biyu, da tambari mai zagaye da ke ƙirji da baya, da dagi mai sarƙaƙƙiyar igiya marar farko marar ƙarshe, duk sun bazu a zamanin Daular Sakkwato ta hannun masu ɗinki Hausawa da Nufawa, kuma sau da yawa malamai ne suke zana tsarin a kan saƙi kafin mai allura ya bi da zaren tsamiya ko na auduga. Abin lura a aska takwas shi ne ba a raba adon daidai wa daida tsakanin dama da hagu ba, nauyinsa ya karkata gefen aljihu, sa'an nan aka sa tambari a ɗaya gefen ya riƙe shi. Samun daidaito ba tare da maimaita gefe ɗaya a ɗaya gefen ba yana cikin matsaloli mafi wuya a zane, kuma shi ne abin da Mondrian ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana nema. A gini kuwa, Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, yana ɗauke da ado mai tudu da kwari a jikin ginshiƙansa da bakan gizonsa, wanda aka fitar da hannu tun ƙasa tana ɗanya. Daga baya adon ya fito daga cikin soro ya hau fuskar gida, a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, ana yin sa da laka da makuba, daga bisani kuma da siminti da fentin kanti. A lokacin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafinsa kan gidajen Zariya masu ado a 1963, magina sun riga sun fara cusa keke da agogo da jirgin sama a tsakanin tsoffin zayyanoni, abin da ke nuna cewa salon bai taɓa tsayawa cik ba.

A ƙauyukan fadama, inda babu fada babu attajirin da zai sa a yi masa soro mai ado, fasahar ta zauna a kayan amfanin yau da kullum. Goruba tana da yawa a dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma kabarta na cikin abubuwan da mutanen yankin suke samun abin masarufi da su, ana saƙa tabarma da faifai da igiya da kwando. Mace mai saƙa faifai tana farawa daga cibiya tana zagayawa, tana sauya rinanniyar kaba a inda lissafinta ya nuna, alhali ba ta zana komai a takarda ba, tsarin yana kanta. Mai zanen ƙwarya kuma yana aiki a kan abu mai ƙoƙo, inda layi madaidaici ba ya tafiya yadda yake tafiya a kan allo, saboda haka dole ya raba filin da ido kafin ya ɗora wuƙa mai zafi, domin abin da aka ƙona ba ya goguwa.

Duk da haka, kuskure ne a ce zayyanar gargajiya da zane marar sura na zamani abu ɗaya ne, kuma masu faɗin haka da nufin yabon gida suna tauye ɓangarorin biyu. Mai zayyana yana aiki cikin tsarin da ya gada daga ubangidansa, gwanintarsa tana bayyana a tsabtar hannu da ɗan abin da ya ƙara, kuma aikinsa yana da mazauni a rayuwa, ko rigar sarauta ce, ko shaidar sauka, ko kayan ɗakin amarya. Mai zanen zamani kuwa ana sa ran ya ƙirƙiro harshensa na kansa, ya sa hannu a aikin da sunansa, a rataye shi a bango domin kallo da tunani kawai. Na farko yana da jama'ar da ta san ma'anar abin da yake yi tun kafin ya fara, na biyu yana da 'yancin da na farko ba shi da shi amma sau da yawa sai ya nemi masu fahimtarsa. Tambayar da ta fuskanci masu zanen Afirka a jajibirin samun mulkin kai ita ce yadda za a haɗa waɗannan biyu, kuma a Nijeriya a Zariya aka fara yi mata amsa mai tsari.

Zanen zamani ya shigo Nijeriya ta Legas, ta hannun Aina Onabolu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1963, ya kuma dage kan zanen kamanni irin na makarantun Turai domin ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya ba. Kenneth Murray, malamin zane da ya iso daga Ingila a 1927, ya ja ɗalibansa, ciki har da Ben Enwonwu, zuwa ga al'adun garuruwansu. Sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya ya fara a Ibadan, aka mayar da shi Zariya a 1955, kuma shi ne ya zama sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma ta makarantun Landan ce. Amma a cikinsu akwai 'yar Nijeriya guda da ba a cika ambata ba, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano a 1921, ta yi karatu a makarantar zane ta Chelsea a Landan, ta koyar a Zariya daga 1955 zuwa 1964. Wani zanenta na 1960, wanda yake ajiye a Jami'ar Birmingham, marar sura ne gaba ɗayansa, kuma yana cikin misalai na farko-farko na wannan salo daga hannun ɗan Nijeriya da ya yi karatun zane. Tarihin da ya fi mayar da hankali ga ɗalibanta maza bai yi mata adalci ba.

A watan Oktoba na 1958 wasu ɗaliban sashen suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da Okechukwu Odita. Tawayen nasu bai kai ga ƙaurace wa aji ba, suna yin aikin da malamai suka ba su, sa'an nan su haɗu su tattauna, a lokacin hutu kuma kowa ya koma garinsu ya binciko tatsuniyoyi da adon gargajiya. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Uche Okeke ya bayyana aƙidarsu da sunan Natural Synthesis, ma'ana mai zane ya riƙe dabarun da ya koya daga Turai, ya haɗa su da fasahar da ya gada, haɗin da zai zo da kansa ba tare da tilas ba. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka kammala karatu, amma shekarunta uku sun tsara alƙiblar zanen ƙasar na rabin ƙarni.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muhimmanci ga mai karatu Bahaushe. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, wato zanen layuka da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, wanda mahaifiyarsa ta iya, ya mayar da shi harshen zanen zamani, kuma da ya karɓi shugabancin sashen zane na Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai ya sa binciken uli cikin karatun ɗalibai, har aka samu makaranta guda mai manyan sunaye irin su Obiora Udechukwu. Grillo ya koma Legas yana farfasa surar mutanen birni zuwa kusurwoyi cikin shuɗi. Onobrakpeya ya ɗebo daga al'adun Urhobo, ko da yake Arewa ba ta bar shi ba, domin a shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka kan yankin Sahel da barazanar hamada. Nwoko ya karkata ga gini, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Venis a 2023. Abokin karatunsu Jimo Akolo, ɗan Egbe a tsohon lardin Kabba, ya zauna a Zariya yana koyarwa, ya zana mahaya dawaki da makaɗan Arewa. Sai dai babu wanda ya yi wa zayyanar Hausa irin hidimar da Okeke ya yi wa uli, duk da cewa katangar birnin Zazzau da masallacin Babban Gwani ba su da nisa da Samaru, inda jami'ar take. Ana iya danganta wannan da ƙarancin 'yan Arewa a manyan makarantu a lokacin, da yadda gwamnatin yankin ta fi buƙatar ma'aikatan mulki da malamai da likitoci, da kuma ƙyamar da iyaye suke yi wa karatun da suka ɗauka na yin gumaka ne. Wannan ƙyama tana da tushe a manhajar da ta ginu kan zanen jikin mutum, amma abin takaici shi ne ta hana 'ya'yan masu zayyana shiga fagen da gadonsu ya fi na kowa dacewa da shi.

Sudan ta nuna abin da zai iya faruwa. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo gida ya tarar mutanensa ba su damu da zanen da ya koyo ba. Maimakon ya zarge su da jahilci, sai ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da suke saƙawa, ya koma ga harafin Larabci da adon allo, ya riƙa warware harafi daga ma'anarsa har siffofi suka fara fitowa daga cikinsa. Shi da Ahmed Shibrain da wasu suka zama abin da ake kira Makarantar Khartum, wadda take reshe ce ta wani yunƙuri mai faɗi da ake kira hurufiyya, wato gina zanen zamani a kan haruffa, wanda Madiha Umar da Shakir Hassan Al Said na Iraƙi suke cikin jagororinsa. An nuna aikin El-Salahi a kulob ɗin Mbari na Ibadan a farkon shekarun 1960, a 2013 kuma gidan zane na Tate Modern a Landan ya shirya baje kolin aikin rayuwarsa. Allon da ya gina sunansa a kai ɗan'uwan wanda yake jingine a kowace tsangaya ta Haɗejiya ne.

Zariya ta samu nata salon marar sura daga baya, ta wata hanya dabam. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Nsawam ta ƙasar Gana a 1946 ga iyaye 'yan asalin Offa, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 ya kuma zauna yana koyarwa a can. Dabarar da aka san shi da ita ita ce tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, a zuba shi a kan ƙyalle, a karkata ƙyallen fentin ya gangara ya gauraya, sa'an nan mai zane ya duba abin da ya samu ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai gyara. Ya ɗauki wannan a matsayin hoton rayuwa kanta, wadda take tafiya tsakanin abin da mutum ya shirya da abin da ya auko masa. Masu kwatanta shi da Pollock sun ga zubin fentin kawai, ba su lura da cewa Odutokun yakan bar sarakuna da janar-janar su ɓullo daga cikin launukan ba, a shekarun da soja suke mulki kuma faɗin magana a fili yake da haɗari. Ya rasu a haɗarin mota a watan Fabrairu na 1995 a hanyar dawowa daga wani baje koli a Legas, a shekarar 2000 kuma aka nuna aikinsa da na waɗanda ya yi wa tasiri a zauren Brunei na Jami'ar Landan. Jerry Buhari, wanda aka haifa a 1959 a kudancin jihar Kaduna ya kuma zama farfesa a sashen, ya ɗauki dabarar ya juya ta ga lalacewar muhalli da ta al'umma, Mu'azu Mohammed Sani ma ya yi suna da watsa fenti mai ruwa. Da waɗannan ne za a iya cewa Arewa ta samu zane marar sura na zamani wanda aka haifa a cikinta.

Damuwar da Buhari yake zanawa ba baƙuwa ba ce a Baturiya. Dausayin Baturiya, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma kuma faɗinsa ya haura hekta 100,000, ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008, saboda tsuntsayen da suke zuwa daga Turai da Asiya su yi hunturu a cikinsa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take rayar da fadama ta sauya hali, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Sana'o'in hannu suna fuskantar nasu matsin, domin tabarmar roba ta fi ta kaba araha, kwanon silba da roba sun rage wa ƙwarya kasuwa, keken ɗinki da kwamfuta suna fitar da aska takwas a yini guda, bulo da kwano kuma ba su bar wa magini filin zayyana ba. Tsarin da yake zaune a kan mai saƙa kawai, ba a takarda ba, yana tafiya ne tare da ita ranar da ta daina.

Aikin tattara wannan gado mafi zurfi da aka sani shi ne na David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello daga ƙarshen shekarun 1960, ya yi nazarin ɗinkin Hausa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Cibiyar Kwamanwel ta Landan a 1976, cikin bikin duniyar Musulunci na wannan shekara. Kusan shekara 50 bayan haka, a watan Oktoba na 2025, Tate Modern ta buɗe babban baje koli kan zanen zamani na Nijeriya mai ɗauke da ayyukan masu fasaha fiye da 50, inda 'yan ƙungiyar Zariya suka samu wuri na musamman, haka ma Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta yake jikin takardar naira 20. Kowane aiki a irin wannan zaure yana ɗauke da sunan mai shi da shekarar da aka yi shi. Riguna da alluna da faya-fayan ƙasar Hausa da suke gidajen tarihi na Turai da na Nijeriya kuwa, mafi yawansu sunan gari ko na ƙabila kawai aka rubuta a jikinsu, domin waɗanda suka tattara su ba su cika tambayar wanda ya yi ba. Masu zayyanar allo da masu saƙar kaba na masarautar Haɗejiya da suke aiki a yau suna da sunaye da iyayengiji da salon da abokan sana'arsu suke gane su da shi, kuma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, a cikin masarautar, tana kusa da su fiye da yadda Nsukka take kusa da wasu ƙauyukan da aka tattaro uli daga cikinsu.